Gasar Ƙwararrun 'Yan Ƙwallo: Me Ta Kai wa Gaya da Ajingi?

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zama a majalisun samari na ƙasar Kano ya san akwai wata gardama da ba ta ƙarewa, watau gardamar ko gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru ta ƙasar nan tana ci gaba, ko kuwa tafiyar hawainiya take yi. Wasu sukan ce a yi mata uzuri, yarinya ce, bai kamata a gwada ta da gasar Ingila wadda aka soma tun 1888 ba. Wasu kuwa sukan ce ai ta riga ta mutu, jana'iza kawai ake jira. Masu maganar farko sun cika sassauci, masu ta biyu kuma sun cika gaggawar yanke hukunci.

Abin da nake so in nuna wa mai karatu a wannan maƙala shi ne, gasar tana da rai, har ma ta yi tsayi, amma tsayin nata irin na bishiyar da aka dasa a tukunya ne: rassa suna miƙewa, saiwa ba ta da inda za ta shiga. Idan ana son a gane haka, ba ofishin hukuma na Abuja za a je ba, ba kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, inda cikar jama'a takan rufe wa mutum ido. Sai a bi hanyar Wudil a nufi gabas, a tsaya a Gaya da Ajingi, a tambaya: me wannan gasa ta kawo nan? Kada kuma a ɗauki wannan suka da zafi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Asalin Gasar

An soma gasar ƙasa baki ɗaya a 1972, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara cin ta. A wancan zamani 'yan wasa ma'aikata ne na kamfanoni da bankuna da hukumomin gwamnati, su yi aiki da safe, su fita fili da yamma. Kano ba ta zauna a baya ba, domin Raccah Rovers ta ɗauko kofin a 1978. Sai a 1990 aka mai da wasan sana'a, aka buɗe gasar ƙwararru da ƙungiyoyi 16, Iwuanyanwu Nationale ta Owerri ta zama zakarar farko. A wannan shekara ce aka haɗa ƙungiyoyi uku na Kano, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka haifi Kano Pillars. Ke nan Pillars da gasar ƙwararru sa'o'in juna ne.

Me ake nufi da mai da wasa sana'a? Ana nufin ɗan wasa ya ci, ya sha, ya yi aure, ya riƙe iyali da abin da ƙafarsa ta samo masa. Ana kuma nufin ƙungiya ta zama kamar kowane kamfani, ta sayar da abin da take da shi, watau kallo, ta biya ma'aikatanta daga cinikinta, har ta ajiye rara. Wannan alkawari aka ɗauka a 1990, da shi kuma ya kamata a auna gasar yanzu da ta haura shekara 35.

Abin da Aka Samu

Adalci ne a fara da alheri. Na farko dai gasar ta rayu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da masaƙu da kamfanin jiragen sama na gwamnati da manyan bankuna suka durƙushe a cikin waɗannan shekaru. Ƙungiyoyi sun ƙaru zuwa 20, kowace tana buga wasa 38 a cikakkiyar kaka, jimla wasa 380 ke nan. Enyimba ta Aba ta ci kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, a 2003 da 2004. Kano Pillars ta ci gasar gida sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Babu mai son ƙwallo a ƙasar Kano da zai manta da 2009, lokacin da Pillars ta je Alƙahira ta yi 2 da 2 da Al Ahly, ta fitar da ita, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka.

Haka nan a 2013, da marigayi Stephen Keshi ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasa shida daga gasar gida, ciki har da Reuben Gabriel na Pillars, ɗaya daga cikinsu, Sunday Mba, shi ya jefa ƙwallon da ta ba Nijeriya kofin Afirka a kan Burkina Faso. Ta fuskar kuɗi ma an motsa: Enyimba ta karɓi Naira miliyan 100 da ta zama zakara a 2023, Rangers ta karɓi miliyan 150 a 2024, Remo Stars kuma miliyan 200 a 2025. Wanda ya ce gasar ta mutu bai yi wa waɗannan abubuwa adalci ba.

Sai dai akwai abin lura a cikin wannan lissafi. A tsakanin 2023 da 2025 ɗin nan dalar Amurka ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da Naira 1,500. Kyauta ta ninka sau biyu, tsadar dala ta ninka sau uku. Takalmin ƙwallo da ƙwallon kanta da tayar mota kuwa duk da dala ake shigo da su. Ashe abin da aka gani kamar gudu ne, a tsaye ake yin sa.

Uzurin Ƙuruciya

Mu koma ga masu cewa yarinya ce. Wannan uzuri zai karɓu in da babu ƙannenta da suka wuce ta. Amma akwai su. Gasar ƙwararru ta Japan an buɗe ta a 1993 da ƙungiyoyi 10. A 2023 ta kai ƙungiyoyi 60 a rukuni uku, ƙasar kuma ba ta taɓa rasa zuwa gasar kofin duniya ba tun daga 1998. Ta Amurka an soma ta a 1996 da ƙungiyoyi 10, a ƙasar da ba ta ɗauki ƙwallon ƙafa bakin komai ba, a 2025 ta kai 30. Ta Afirka ta Kudu, a tsarinta na yanzu, ita ma 1996 ce. Shekara 11 kawai bayan haka ta sayar wa SuperSport izinin nuna wasanninta na shekara biyar a kan Rand biliyan 1.6.

Wani zai ce ai waɗannan ƙasashe ne masu arziki. To, mu duba Tanzaniya, wadda ba ta kai mu yawan jama'a ba, ba ta kuma kai mu ƙarfin tattalin arziki ba. A 2021 gidan telebijin na Azam ya ƙulla yarjejeniyar shekara 10 da gasarsu. A 2023 ƙungiyar Young Africans ta Darussalam ta zo har Uyo ta ci Rivers United 2 da nema, ta wuce har wasan ƙarshe na kofin Afirka na biyu a daraja. A 2025 maƙwabciyarta Simba ita ma ta kai wasan ƙarshe na wannan kofi. Mu kuwa tun daga nasarar Enyimba ta 2004 har zuwa ƙarshen 2025 babu ƙungiyarmu da ta sake ɗaga kofin zakarun Afirka ko kofin Afirka na biyu a daraja. A watan Agusta na 2025, a gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida, Sudan da yaƙi ya ɗaiɗaita ta lallasa zaɓaɓɓun gasarmu da ci 4 da nema.

Gaskiya ne sannu ba ta hana zuwa. Amma masu wannan karin magana ba su tsaya nan ba, sun ƙara da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Ɗan wasa kuwa ba shi da lokacin jira, domin ƙarfinsa bai wuce na shekara 10 zuwa 15 ba. Tun daga 1990 an yi zubin matasa har uku da suka ba gasar ƙuruciyarsu, da yawansu suka fita hannu rabbana, wasu ma suna bin bashin albashi.

Kuɗin Wa Ake Kashewa?

Ruwa ba ya tsami banza. Babban abin da ya hana gasar yin saiwa shi ne yawancin ƙungiyoyinta na gwamnatocin jihohi ne. Pillars ta Gwamnatin Kano ce, haka Katsina United da Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors da Plateau United da Niger Tornadoes, kowace da jihar da ke riƙe da ita. Ba don gwamnatoci ba da wataƙila babu gasar ma gaba ɗaya, wannan ba a musa shi. Amma mu duba abin da wannan riƙo yake haifarwa.

Shugaban ƙungiyar da gwamna ya naɗa, fuskarsa tana kallon gidan gwamnati ne, bayansa yana ga 'yan kallo. Idan fili ya cika ko bai cika ba, kasafinsa daga baitulmali zai fito. Saboda haka babu abin da zai tilasta masa ya ƙirga kuɗin ƙofa da kyau, ko ya nemi hanyar sayar da rigar ƙungiya, ko ya tashi takanas ya je Ajingi neman magoya baya. Abin da ake tambayarsa ɗaya ne: an ci ko ba a ci ba? In kuma gwamnati ta canza, sai a rushe shugabanci a kawo sabo, duk wani shiri na dogon lokaci ya bi ruwa. Wa zai shuka giginya alhali ya san baɗi ba shi ne a gonar ba?

Daga nan ne wata cuta ta samo asali, watau dole a ci a gida ko ta halin ƙaƙa. Pillars ta shafe kimanin shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar, har sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi a 2015. Abin alfahari ne, kuma kirarin Sai Masu Gida ba a banza aka same shi ba. Amma idan aka ga kusan kowace ƙungiya zaki ce a gida, rago a waje, to ya kamata a tambayi lafiyar gasar. Ɗan kallon da ya saba da cewa nasarar gida haƙƙinsa ce, ran da aka yi kunnen doki sai ya ga an zalunce shi, sai ya tsallaka fili ya far wa alƙalin wasa. An cire wa Pillars maki a 2022 saboda tarzoma, a wannan shekara kuma ta faɗa rukuni na biyu, ba ta dawo ba sai a 2023. A watan Oktoba na 2025, bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake cire mata maki uku, aka mai da wasanninta na gida Katsina. Wane magidanci ne zai kamo hannun ɗansa daga Gaya ya kawo shi inda ake jifa da harba barkonon tsohuwa? Wane kamfani ne kuma zai so a ga sunansa a wurin?

A ƙara da wahalar tafiya. Daga Kano zuwa Fatakwal kusan kilomita 1,000 ne, a mota ake yin ta mafi yawan lokuta. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Wanda ya kwana biyu a zaune a mota cikin fargaba, ba a sa ran ya nuna gwaninta washegari.

Ma'aunin Gaya da Ajingi

Yanzu mu zo inda muka nufa. Gaya tana da nisan kimanin kilomita 65 daga birnin Kano, Ajingi kuma tana maƙwabtaka da ita a kan iyakar Jigawa. A ƙidayar 2006 mutanen ƙananan hukumomin biyu sun haura 350,000, yau kuwa sun fi haka nesa, mafi yawansu kuma matasa ne. Filin Sani Abacha yana ɗaukar mutum kimanin 16,000. Ke nan ko kashi biyar cikin ɗari na mutanen wancan lissafi suka taso, sun cika shi har sun yi ragowa.

Ba kuma son ƙwallo aka rasa ba. Da zarar an sauko daga aikin gona, rana ta yi sanyi, babu filin makarantar firamare da za ka wuce ba ka ga ƙura na tashi ba, yara suna buga tamaula, wasu da takalmi, wasu ƙafa huntu, an kafa sanda biyu a madadin raga. Ranar Asabar da Lahadi kuwa gidajen kallo sukan cika maƙil, janareta na ruri, an biya kuɗin shiga. Amma me ake kallo? Arsenal da Chelsea da Manchester United da Real Madrid da Barcelona. Yaron da zai lissafa maka 'yan wasan Madrid goma sha ɗaya har da na benci, in ka ce ya kawo biyar na Pillars, da ya ambaci Rabi'u Ali da Ahmed Musa sai ya fara sosa ƙeya.

Kada a yi saurin zargin yaron da raina na gida. Abin da aka kawo masa ƙofar gida shi ya saya. Wasan Ingila yana zuwa masa a kan lokaci, ba a ɗagewa ba gaira ba dalili, hoto garau, a kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. Wasan gida kuwa sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ga man fetur ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a 2023. Ana take wasa da ƙarfe huɗu na yamma, a tashi dab da magariba, sa'an nan ya fara neman motar komawa cikin dare. A telebijin kuma nuna gasar ya zama yau akwai gobe babu tun da SuperSport ta janye a 2017. Mai gidan kallo ɗan kasuwa ne, ba zai ƙona mai a kan wasan da bai tabbata za a nuna ba.

Sakamakon haka shi ne, duk mako kuɗi suna fita daga aljihun samarin Gaya da Ajingi saboda ƙwallo, su bi ta hannun mai gidan kallo zuwa kamfanin tauraron ɗan Adam, daga can su tsallaka teku. Rigunan da suke sawa ma na ƙungiyoyin Turai ne. Gasar da aka ce tasu ce ba ta samun ko kwabo daga wannan ciniki, ba ta kuma mayar musu da komai. Zanen aro ba ya rufe katara: ran da Madrid ta ci kofi, murna kawai ɗan Toranke zai yi, ba za a ɗauki ƙanensa aiki ba.

Kura da Shan Bugu

Akwai wata hasara da ta fi wannan ciwo. A kusan kowane gari akwai wani bawan Allah, sau da yawa malamin makaranta ko tsohon ɗan wasa, wanda ya tara yara yana horar da su da kuɗin aljihunsa. Shi ke sayen ƙwallo, shi ke sasanta su da iyayensu idan aka ce sun gudu daga gona. Idan yaro ya yi fice, sai wani daga birni ya zo ya ɗauke shi, sunan mai horarwa na farko ya ɓace daga labarin.

Alhali kuwa dokar FIFA ta tanadi haƙƙinsa. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. A 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris domin ya tabbatar kuɗin sun isa ga masu su. Amma da sharaɗi: sai ƙungiyar tana da rajista, sunan yaron kuma yana rubuce a ƙarƙashinta. A ce yaro ya tashi a Kademi, ya yi shekara huɗu a hannun mai horar da shi, daga baya aka sayar da shi a Turai a kan dala miliyan ɗaya. Rabon waɗannan shekaru huɗu, daga 12 zuwa 15, ya kai dala 10,000, kuɗin da zai kewaye fili ya sayi kayan wasa na shekaru. Rashin takarda guda ya sa ba zai ga ko sisi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Inda babu tsani na gaskiya, dillalan ƙarya su ke kafa nasu. Labarin iyayen da suka sayar da gona ko shanu domin a kai ɗansu gwaji Turai, aka yasar da shi a wata ƙasa babu ƙungiya babu kuɗin komowa, ya zama ruwan dare a Afirka ta Yamma. Ƙananan rukunonin gasarmu kuwa, waɗanda ya kamata su zama matakalar, an bar su kara zube. A 2013 duniya ta yi mana dariya da aka tashi wasu wasanni biyu na neman hawa rukuni da ci 79 da nema da kuma 67 da nema. An hukunta masu hannu a ciki, amma abin ya nuna yadda ido ba ya kaiwa ƙasa.

A sama ma ba a iya riƙe gwani. Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 yana ɗan saurayi, kafin shekara ta zagayo yana ƙasar Holan. Ba a zarge shi ba, kowa ya samu rana sai ya yi shanya. Abin tambaya shi ne, cikin kuɗin irin waɗannan cinikayya, nawa ne ya taɓa komawa ga renon na baya?

Mafita

Abin da ya ɗaukaka gasar Japan ba yawan kuɗi kaɗai ba ne. Tun farko sun shar'anta cewa kowace ƙungiya ta ɗauki sunan garinta, ta kuma riƙe ƙungiyoyin yara. A nan gida ma muna da misali. Remo Stars da ta ci gasar 2025 ba ta gwamnati ba ce, ta ɗan kasuwa ce, Kunle Soname, tana kuma zaune a Ikenne ta Jihar Ogun, garin da ba babban birni ba ne. Ta gina filinta, ta kafa makarantar renon yara, ta faɗi ta tashi har ta kai. Abin da ya yiwu a Ikenne bai gagari ƙasar Gaya ba. Hawan Barau FC zuwa babbar gasar a 2025 ya nuna cewa a Kano ma akwai masu iya zuba dukiyarsu. Abin fata shi ne irin waɗannan ƙungiyoyi su kafu a kan jama'a, yadda za su rayu ko bayan masu su.

Ga shawarwarina. Ƙaramar Hukumar Gaya tana da mazaɓu 10, Ajingi ma 10. Jimla 20 ke nan, daidai da yawan ƙungiyoyin babbar gasar ƙasa. Me zai hana a kafa gasa mai ɗorewa tsakaninsu, Shagogo ta je Gafasa, Balare ta zo Gamarya, a fara bayan an kai amfanin gona gida, a gama kafin faɗuwar damina? Tafiya ba nisa, kuɗin ba yawa. Ta kuma bambanta da kofunan da 'yan siyasa kan sa idan zaɓe ya matso, waɗanda kan mutu da an rufe rumfar zaɓe. Majalisun ƙananan hukumomi su ba da fili da alƙalai, masarauta ta sa albarka da tsawatarwa, 'yan kasuwar gari su ɗauki nauyin riguna.

Na biyu, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Kano ta fita daga birni ta bi ƙananan hukumomi 44, ta yi wa kowace ƙungiya da kowane yaro rajista a kuɗi kaɗan, da shekarunsa na gaskiya. Wannan aiki bai fi ƙarfin wayar hannu da littafi ba, shi ne kuma zai kare haƙƙin mai horarwa, ya toshe ƙofar dillalan ƙarya.

Na uku, Gwamnatin Kano ta fara sakin Pillars sannu a hankali, ta sayar wa jama'a hannun jari ko katin zama ɗan ƙungiya, wanda zai ba mai shi ƙuri'a wajen zaɓen shugabanni, a kuma riƙa buga lissafin shiga da fita kowace shekara. Ran da tela a Ajingi ya san yana da ƙuri'a a Pillars, ran nan shugabanninta za su koyi hanyar Ajingi. Wanda kuma ya san tarar da za a ci ƙungiya daga aljihunsa za ta fito, shi zai fara riƙe hannun mai jifa.

Na huɗu, a kai wa mutane gasar inda suke. Pillars ta riƙa buga wasannin share fage a Gaya da Rano da Bichi da Ƙaraye kafin kowace kaka, ta aika masu farautar gwanaye zuwa wasannin karkara. Masu gudanar da gasa su daidaita da masu gidajen kallo, su ba su wasannin gida a farashi mai sauƙi, a lokacin da bai ci karo da manyan wasannin Turai ba. A kuma ƙarfafa sharhin wasa kai tsaye a rediyo, domin har yanzu ita ce ke shiga inda telebijin ba ta kai ba.

Kammalawa

Shin gasar tana cin nasara? Ta ci nasarar rayuwa, ta ba mu ranakun farin ciki da ba za a manta ba. Shin tana girma da saurin da ya kamata? A'a. Alkawarin 1990 na cewa ƙwallo za ta riƙe kanta ta riƙe masu buga ta bai cika ba, ƙannenta kuma sun wuce ta. Dalili kuwa, an ɗauka cewa gasa daga sama ake gina ta, da kyautar miliyoyi da sauya sunan hukumar gudanarwa, alhali mai saye yana ƙasa ba a je wurinsa ba.

Masana tarihi sun kawo ruwayar da ke cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka zo neman tama, zuriyarsu ce ake kira Abagayawa. In haka ne, birni ya san hanyar da arzikinsa ya biyo tun farko. Yau tamar tana can gabas, a ƙafafun yaran da ke tashin ƙura a filayen makarantu, ba wanda ya rubuta sunansu. Ran da aka ga rigar Pillars ta fi ta Chelsea yawa a kasuwar Gaya, aka kuma ji cewa wani mai horarwa a Ajingi ya karɓi haƙƙinsa na renon ɗan wasa, ran nan za mu yarda gasar ta girma. Kafin sannan, masu riƙe da ita su daina fakewa da ƙuruciya, su kama hanyar Wudil.